Fayil Na Biyu a Disket ɗin Mannir

Ku da kuke karanta ni a waya, kuna latsa ta da yatsa ɗaya kuna cin gyaɗa da ɗaya hannun, ba lallai ne ku san disket ba. Wani ɗan faifai ne baƙi mai kusurwa huɗu, bai cika tafin hannu ba, a cikinsa muke ajiye rubutun kwamfuta a zamaninmu. Irinsa guda ɗaya ne ya raba ni da mutumin da gidanmu kaf aka gama yarda shi ne mijina. Sunana Hauwa'u, amma a garinmu Gumel Maijidda aka sani. Labarin da zan ba ku ya faru ne da daminar 1997, ina da shekara ashirin da biyu. Kuma tun yanzu in gaya muku, ba haƙuri na zo ba kowa ba.

Ina aiki ne a shagon Madam Theresa da ke kan hanyar tasha, ɗaki ɗaya a jerin shagunan Alhaji Dogo. Madam 'yar Pankshin ce, mijinta Malam Jonathan malamin gona ne a Gagarawa, sun zo ƙasar nan tun kafin a yanke Jigawa daga Kano. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, da firinta mai ƙara kamar ana zartar katako, da janareta ƙarami a waje bakin ƙofa. Madam ta ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar atamfarta, kullum da yamma sai mun lulluɓe ta kamar jaririya.

Ranar da na fara shiga, takardar sakandare na je a buga mini. Na tsaya ina kallon shuɗin allon nan, haruffa farare suna fitowa da kansu, har aka gama aikina ban motsa ba.

"Kina so ki koya?" in ji Madam.

Na ce, "Ana koya wa mata?"

Ta dubi kanta tun daga ɗankwali har silifa. "Ni namiji kika gani? Je ki wanke hannu, ga buta can."

Cikin wata shida na haddace WordPerfect kamar karatun allo. F10 in ajiye, F5 in ga jerin abin da ke cikin disket, Shift da F7 in aika wa firinta. Ba na duban kibod. Malaman makaranta, 'yan ƙungiyar direbobi, masu katin biki daga Sule Tankarkar, duk wanda ya shigo sai ya ce, "A ba yarinyar nan, ta fi sauri."

Abu ɗaya ne ke ƙona mini rai, kuma har gobe ban huce ba. Mutanen da suka ƙera na'urar nan ba su san da mu ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Akwai ranar da muka buga katin biki, aka rubuta "za a zaunar da amarya a daki", uwar amarya ta dawo da kati a hannu tana tambayar wanda zai daki 'yarta. Tun daga ranar, duk takardar Hausa da ta fito daga firinta sai na ɗauki baƙin biro na bi ta layi-layi ina lanƙwasa wa haruffa kai.

A gida kuwa ba a taɓa son aikin ba. Babanmu ya rasu ina aji uku, ƙaninsa Bappa Ɗantsoho ne ke riƙe da mu, gida ɗaya muke, sashensa daban namu daban. Bappa shekara talatin yana buga wa mutane takardun ƙorafi da tafireta a ƙarƙashin darbejiyar bakin kotu. Da kwamfuta ta shigo gari, masu zuwa wurinsa suka ragu, ya tattara ya dawo zaure.

"Na'urar da za ta goge kuskure ba a ga tabo ba, Hauwa'u, ba abin yarda ba ce," haka yake faɗa kusan kullum. "Ga shi kuma maza na shiga suna fita, ke kina zaune kamar mai sayar da fura."

Inna ba ta dogon bayani. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai dai in ji, "Ke, sa'o'inki duk suna da goyo." In ɗauki jakata in fice.

Ana haka Mannir ya shigo rayuwata.

Ɗan Alhaji Sa'idu ne na Maigatari, mai manyan motocin da ke ɗaukar shanu da wake tsakanin nan da Damagaram. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum cikin shadda mai sitati da hula zanna, ƙamshin turarensa na riga shi shiga shago. Maganarsa duk ta cakuɗa da ta mutanen Nijar, babbar mota a bakinsa kamiyo ce, 'yan kwastan kuma duwan. Takardun lodi ya fara kawowa. Sati uku a jere yana zuwa duk Juma'a da safe, washegarin kasuwar Maigatari, a na huɗu ya tambayi gidanmu.

Kada in yi muku ƙarya, na so shi. Ya iya ba ni dariya. Kuma shi ne namiji na farko da ya zo mini ta hanyar da nake so. Yana da wani aboki a Kano mai suna Saviour, mai shagon kwamfuta irin namu. Duk zuwan da zai yi Kano sai ya zauna ya faɗa wa Saviour maganar da ke ransa, shi kuma ya buga ya ajiye a disket. Ran Juma'a sai ya ajiye mini disket ɗin a gefen kibod ba tare da ya ce komai ba, ya fita yana murmushi. Sunan fayil a lokacin ba ya wuce harafi takwas, sunana kuwa takwas ne cif. In danna F5, in ga MAIJIDDA, in buɗe.

"Na kwana a Damagaram, amma hankalina yana kan hanyar tasha. Ki ci dabinon nan ki tuna da ni. Ina kaunarki."

Ƙaunar ma babu lanƙwasa, amma haka nake karanta ta sau goma. Madam tana gefe tana yi kamar ba ta gani, sai can ta ce, "A rage murmushi, aikin hedimasta na jira."

Cikin wata uku manyansa suka zo gaisuwa. Aka kawo goro da alewa, da turmin atamfa biyu 'yan Damagaram, da agogon hannu mai ruwan zinare. Inna ta sa aka shafe ɗakinta da farar ƙasa, ta fito da kwanukan tangaran da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ban taɓa ganin ta tana waƙa tana tankaɗe ba sai a makon nan.

Daga nan maganar Mannir ta fara canzawa. Wata la'asar muna zaune a soron gidanmu, ni a kan tabarma shi a kan kujerar roba, na yafa mayafina ruwan toka, sai ya ce:

"Kwamfutar Madam ɗin nan ta tsufa fa. Yanzu Windows 95 ake yayi. Babu wannan haddar, linzami kawai za ki ja ki danna hoto."

"Na gani a mujalla."

"Zan sayo miki Pentium, sabuwa dal a kwali. A ɗakinki zan ajiye ta a Maigatari, da fanka a kanta."

Na ce, "Duk shekara sai sun fito da sabuwa su ce taka ta mutu, alhali da ranta. Su fara sa mini ƙ tukuna, sannan mu yi maganar hoto. Kuma wa zan yi wa aiki a cikin ɗaki?"

"Ni mana. Takardun kamiyo kaɗai sun ishe ki."

"Masu katin biki fa? Malamai fa?"

Ya gyara hularsa. "Matar Mannir ba ta zama a shago, Maijidda."

"To ai ban zama ba tukuna."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Bayan ya tafi Inna ta leƙo ta ce ta ji komai, wai wace irin yarinya ce za a ce za a kai mata inji har ɗaki tana jan magana. Na ce mata ba injin nake so ba, aikin nake so, da mutanen da ke shigowa da takarda a yamutse su fita da ita a miƙe. Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci.

Sati biyu bayan haka, ran wata Juma'a, an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Na sa doguwar rigata ta leshi mai ruwan ƙasa da agogon da ya kawo. Wajen ƙarfe tara ya shigo, ya gaida Madam har da rusunawa, ya tambayi Malam Jonathan, ya ajiye disket, ya ce sai la'asar. Ko babur ɗinsa bai gama juyawa ba na zura disket ɗin a kwamfuta na danna F5.

Fayil biyu na gani. MAIJIDDA a sama. A ƙarƙashinsa, DOGO.

Na san za ku ce bai kamata in buɗe ba. Na ji. Amma disket ɗin nawa ne, ni aka kawo wa, kuma na ɗauka takardar lodi ce yake so a buga. Na sauke hasken allon a kan DOGO na danna.

Da Turanci aka rubuta. Zuwa ga Alhaji Dogo, mai shagunan hanyar tasha, daga iyayen yara masu kishin tarbiyya. Wai wata baƙuwa ta mayar da shagonsa matattarar samari da 'yan mata da sunan koyon kwamfuta. Wai ana rufe ƙofa da rana tsaka. Wai akwai wata marainiya 'yar gidan mutunci da aka juyar wa kai har ba ta jin maganar iyayenta. Suna roƙon ya karɓe shagonsa kafin abin kunya ya faru. Kwanan watan na makon jiya ne. A ƙasa sunaye huɗu. Na farko Malam Ɗantsoho, tsohon mai tafireta na bakin kotu. Na biyu Ɗanjuma, wanda na san direban gidan su Mannir ne kuma ko aure bai yi ba, balle 'ya. Sauran biyun ban taɓa jin su ba. Sunan Mannir ba ya ciki.

Mutumin da ke yi mini lacca a kan Pentium ashe bai san cewa takarda, ko an buga ta an tafi da ita, tana nan kwance a disket ba. Saviour ya ajiye masa aikin biyu a wuri ɗaya, shi kuma ya ɗauko ya kawo mini da hannunsa.

Ban san Madam tana tsaye a bayana ba sai da na ji numfashinta. Ta karanta har ƙarshe, ta jawo benci ta zauna.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Jiya Alhaji ya aiko in je gidansa gobe da hantsi. Na zaci maganar rufin da ke yoyo ce."

"Madam, wallahi ban san..."

"Na sani." Ta cire tabaranta tana gogewa da bakin zani, ta daɗe tana gogewa. "Muna rufe ƙofa ne in za a tada janareta saboda hayaƙi, kowa ya sani. Shekara goma sha biyu ina garin nan, a nan na haifi yarana uku. Ban taɓa zaton za a rubuta ni a takarda a ce baƙuwa ba."

Sai ta juyo ta kama hannuna.

"Ki goge shi, Maijidda. Ki yi kamar ba ki gani ba. Ni in ya kore ni zan kai kwamfutar Gagarawa wurin maigidana. Ke 'yar gari ce, aurenki ne a gabanki."

Na zare hannuna, na danna Shift da F7. Firinta ta fara kuka.

"Me kike yi?"

"Kwafi uku nake so."

Ban buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da sunana ba. Har yau ban san me ya ce a ciki ba.

Da aka sauko daga masallaci na dawo gida, na ci tuwon da Inna ta ajiye mini har na suɗe kwano, don na san ina bukatar ƙarfi. Na cire agogon na mayar da shi kwalinsa. Na buɗe akwatin Inna na fito da atamfofin nan biyu, ko yanka su ba a yi ba, na zuba su a jakar leda. Inna tana bakin murhu tana kallona ta cikin hayaƙi.

"Ke, ina za ki kai su?"

"Soro."

Bayan la'asar na ji ƙarar babur. Bappa na zaune a soro kan buzunsa yana sauraron rediyo, kamar kullum zai tashi ya ba mu wuri. Na shigo da jakar a hannu ɗaya, takarda a ɗaya.

"Bappa, don Allah ka zauna. Yau zancen da kai ne."

Mannir ya dube ni, ya dubi jakar, murmushinsa ya tsaya a rabi. Na durƙusa gaban Bappa na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya kashe rediyo, ya laluba aljihu ya sa tabarau. Bappa ba ya karatu da sauri. Yatsansa na bin layi, leɓɓansa na motsi. Da ya zo ƙarshe sai yatsan ya tsaya a kan sunansa.

"Wa ya buga wannan?"

"A disket ɗin da Mannir ya ba ni yau na same ta."

Mannir ya miƙe. "Baba, bari in yi bayani. Ai kai da bakinka ka ce mini shagon nan ba ka son sa. Ka ce da za a rufe shi da ka huta."

"Na faɗa," in ji Bappa.

"To shi ne kawai na..."

"Na faɗa a sorona, da bakina, a gaban wanda na ɗauka ɗa. Na ce maka ka kai sunana gidan Dogo?"

"Ai manufar ɗaya ce, Baba."

"An sa hannu a wadda aka kai?"

Mannir ya kama gyara hularsa.

"Tambayarka nake, Mannir."

"Ɗanjuma ne ya ɗan zana wani abu a wurin."

Ban taɓa ganin fuskar Bappa haka ba. Bai ɗaga murya ba, sai ma ƙasa da ta yi.

"Shekara talatin ina buga ƙorafi. Na buga wa mai gaskiya, na buga wa marar gaskiya, ba ni ne alƙali ba. Amma ban taɓa buga sunan mutum ba sai yana zaune a gabana, na karanta masa, ya ce haka ne. Kai ka sa direba ya zana mini hannu, ka kuma rubuta 'yar ɗan'uwana a cikin takardar da ake maganar rufe ƙofa. Ka san abin da gari zai karanta a wurin?"

Sai Mannir ya juyo kaina, wai ni ce zan cece shi.

"Maijidda, don ke na yi. Kina ganin daɗi nake ji in zo in tarar da ke maza sun kewaye ki suna leƙen kafaɗarki? Na roƙe ki kin ƙi. Na ce zan sayo miki wadda ta fi ta, kin ƙi. Me kike so in yi?"

"Ka ce mini ba za ka iya ba, ka tafi. Da na yi kuka na ga girmanka."

"A kan wata Madam za ki..."

"Madam ɗin da ka rusuna ka gaisar da safe? Ita ta koya mini abin da ka gani ka ce kana so. Ka rasa yadda za ka fitar da ni daga shago sai ka rushe shi a kan mai shi, ka ɓata sunana, sannan ka zo ka aure ni a matsayin wanda ya rufa mini asiri."

Na tura masa jakar da ƙafa. Eh, da ƙafa. Na san ba tarbiyya ba ce, kuma da za a mayar da ni ranar haka zan sake yi.

"Ga atamfarka, ga agogonka. Goro da alewa an riga an raba, sai ka yafe."

"Za ki yi nadama."

"Wataƙila. Amma ba a ɗakinka zan yi ta ba."

Ya tsaya yana jiran Bappa ya tsawata mini. Bappa ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya kunna rediyonsa. Mannir ya ɗauki jakar ya fita, babur ɗin sai da ya buga sau biyar kafin ya tashi.

Na juyo zan yi godiya, Bappa ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki ɗauka na koma bayanki, Hauwa'u. Shagon nan ban so shi jiya ba, ban so shi yau ba. Sunana kawai na karɓo."

"Za ka raka mu gidan Alhaji Dogo gobe?"

"Ba na zuwa. In ya tambaya, ki ce ban sa hannu ba. In yana shakka ya san ƙofata."

A cikin gida Inna na zaune a bakin gadonta, ta ji komai ta bayan labule. Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar.

"Hauwa'u, kin kashe ni. Me zan ce wa mutanen da na kai wa goro?"

"Ki ce musu ni na fasa."

"Wa zai sake zuwa? Yarinyar da ta ture ɗan Alhaji Sa'idu da ƙafa?"

"Inna, ya rubuta cewa ana rufe ƙofa da ni a ciki."

"Da kin yi shiru wa zai sani? In ke ba ki jin kunya ni ina ji. Gobe ko ƙofar gida kika taka ban yafe ba."

Wannan kalmar ta fi duk abin da Mannir ya faɗa zafi. Na durƙusa na riƙe ƙafarta, ta janye. Na ce mata duk abin da ta hana ni a duniya zan bari, ban da wannan, don matar nan saboda ni za a kore ta. Ta juya fuskarta bango. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, har muryata ta dushe. Amma da gari ya waye na yi wanka, na sa atamfata shuɗiya wadda na ɗinka da guminna, na yafa farin mayafi. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, na tafi." Ba ta amsa ba. Ba ta kuma sake cewa kada in je ba, da wannan ɗan shirun na riƙe na fita.

Na riga Madam zuwa shago. Na yaye wa kwamfuta rigarta, na zauna na buga amsa da Hausa, don na san Alhaji Dogo ba ya jin Turanci, duk abin da ya sani game da waccan takardar wani ne ya fassara masa. Na rubuta lokacin da muke buɗewa da lokacin da muke tashi. Na rubuta dalilin rufe ƙofa. Na jera mutanen da muke yi wa aiki waɗanda zai iya tambaya, har da limamin unguwarsu da muka buga wa jadawalin tafsiri. Na rubuta cewa marainiyar da ake magana ni ce, kuma kaina yana nan daidai inda Allah ya ajiye shi. A ƙasa na sa suna ɗaya tak, na sa hannu da kaina.

Madam ta shigo cikin rigar zuwa coci, idanunta a kumbure. Ta karanta ta ce, "Yarinyar nan, ba ki jin magana."

"Haka aka rubuta ai."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta kulle shago muka kama hanya. Ruwan jiya ya kwanta a lungu, muna ɗaga zani muna tsallake taɓo. Duk wanda muka wuce sai ya bi mu da kallo, ashe labarin jakar leda ya riga mu fitowa.

A ƙofar gidan Alhaji Dogo muka tarar da farar Fijo mai lambar Nijar. Na san motar.

Na yi sallama da ƙarfi. Mutum biyu ne a soron, a kan darduma, da butar shayi a tsakaninsu. Alhaji Dogo, siriri mai farin gemu, da wani ƙaƙƙarfan dattijo cikin babbar riga ruwan madara, carbi na zagaya yatsunsa. Sau ɗaya na taɓa hango shi ta tagar ɗakin Inna ranar gaisuwa. Alhaji Sa'idu ne, mahaifin Mannir.

Muka durƙusa muka gaishe su. Alhaji Dogo ya amsa yana kallon gefe.

"Madam, ku shiga ciki wurin iyali, zan aiko da abin da na yanke."

Madam ta yunƙura za ta tashi, na riƙe bakin rigarta.

"Ranka ya daɗe, a soro aka kawo maka maganata. Ina roƙon a bar ni in amsa ta a soro."

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Ke ce 'yar gidan Ɗantsoho?"

"Ni ce. Ya ce in gaya maka bai sa hannu a komai ba, in kana shakka ka san ƙofarsa."

Alhaji Dogo ya ajiye kofin shayinsa, ya juya a hankali ya dubi baƙonsa. Carbin Alhaji Sa'idu ya tsaya. Ya ƙare mini kallo tun daga mayafi har taɓon da ke ƙafata, sannan ya yi magana cikin taushi, irin taushin mutanen da ba a saba yi musu musu ba.

"Yarinya, Mannir bai da wayon rubuta takarda. Ni na ce a rubuta ta. Ba a kawo mini suruka daga bakin titi. Yanzu da kika sani, za ki ninke wannan ta hannunki ki koma gida, in ya so a gyara abin da ya ɓaci tsakaninku?"

Na warware takardata, na shimfiɗa ta a kan gwiwa.

"To Alhaji, gara da na same ka a nan, ka hutar da ni zuwa Maigatari. Da kai zan fara."

Alhaji Dogo ya gyara zama, ya tura butar shayi gefe.

"Karanta, muna ji."